Sati uku ina ƙwanƙwasa ƙofar da ba tawa ba

Tsohuwar laftof ce, ThinkPad, na saye ta a hannu a Beirut Road. Madanninta biyu sun fita, allonta kuma da wani shuɗin layi tun daga sama har ƙasa. Mai shagon har yana ba ni haƙuri a kan allon, na ce masa ya kwantar da hankalinsa, ba don kallo nake son ta ba. So nake ta zauna a saman durowa a kunne dare da rana, ta riƙe mana abubuwan da suka warwatse a hannun dangi: kasa-kasan karatun marigayi mahaifinmu guda 74 da na shafe wata biyar ina juyewa cikin kwamfuta, hotunan bukukuwa da sunaye da ke ɓacewa duk lokacin da wayar wani ta faɗa ruwa, da takardun gona da na gida. Irin wannan kwamfuta da ake ajiyewa don mutane su riƙa ɗiba daga nesa ita ake kira saba. Na ga masu fassara suna rubuta "uwar garke", sunan ya yi mini daɗi, amma a bakin aiki ban taɓa jin wanda ya faɗe shi ba, saboda haka saba zan ci gaba da cewa.

A ƙarshen 2023 ne. Na ɗora mata Debian, wani nau'in Linux mai tafiyar da kwamfuta, na sa Nextcloud a kai, manhajar da ke ba mutane damar ajiya da ɗiba daga nesa, na jona mata faifan ajiya mai terabayit ɗaya. A daren farko komai ya tafi daidai. Mai ɗakina tana kicin ta danna a wayarta, sai ga muryar Baba yana jan baƙi ta cika falon, har da tarin nan nasa kafin ya fara fassara. Muka yi shiru mu duka. Cikin wannan zumuɗin na tura wa Yayana da ke Jidda adireshin, na ce ya gwada.

Da safe na tarar da saƙonsa: "Ƙanina, abin naka juyawa kawai yake yi."

Sai na bayyana yadda muke zaune kafin a gane inda na ɓata. Gidan haya ne a Hotoro, ɗaki da falo huɗu a tsakar gida ɗaya. Mu huɗun muke haɗa kuɗi duk wata mu sayi data a kan rauta ɗaya, na'urar da ke raba intanet, mai layin waya a ciki. Rautar tana ɗakin maƙwabcina, malamin sakandare, saboda tagarsa ce ke kallon ƙarfen sabis. Ni Malam nake ce masa, shi kuma Injiniya yake ce mini, ko da yake gyaran kwamfuta da firinta ne sana'ata. Daga ɗakinsa na ja waya mita ashirin ta bin bango zuwa wata ƙaramar rauta tawa, don sabis ɗin ba ya ratsa bango biyu.

Na yi abin da kowane bidiyo ke cewa a yi. Na shiga saitin rautata na buɗe ƙofa ta 80 da ta 443, lambobin da masu buɗe shafin intanet ke shigowa ta cikinsu, na ce duk wanda ya zo ta nan a miƙa shi ga laftof. Na je na roƙi Malam kalmar sirrin babbar rautar, ya ɗaga ta ya karanto mini daga takardar da ke manne a ƙasanta, nan ma na buɗe ƙofofin na nuna su ga rautata. Na yi rajistar suna kyauta a DuckDNS don ko adireshin ya sauya sunan ya bi shi. Na kashe wayfay na wayata, na kunna datar layina, na gwada kamar ni baƙo ne daga waje. Shiru, kamar an shuka dusa.

Sati uku na yi a haka. Na zargi Debian, na sake ɗorawa. Na zargi wayar da na ja, na sake matse kanta. Wani dare kai ya ɗau zafi na soka tsinke a ramin bayan babbar rautar na mayar da ita yadda ta fito daga kamfani, ban tuna cewa sunan wayfay da kalmar sirrin da muka sauya duk za su tafi ba. Washegari matar maƙwabcinmu na ƙarshe, wadda ke sayar da turaren wuta da humra ta WhatsApp, ta aiko ɗanta ya ce, "Wai in ji Umma, a gaishe ka, ko an yanke mu ne?" Wannan gaisuwar ta fi zagi zafi.

Abin da ya warware mini zaren layi ɗaya ne a shafin bayanan babbar rautar, wanda na wuce shi ya fi sau hamsin. A wurin da aka rubuta adireshin da kamfani ya ba ta, lambar ta fara ne da 100.72. Na buɗe ɗaya daga shafukan da ke gaya wa mutum adireshinsa na intanet, sai ya nuna mini wata lamba dabam mai farawa da 102. Da a ce rautar ce ke fuskantar duniya kai tsaye, dole lambobin biyu su zama ɗaya. Ashe duk ƙofofin da nake buɗewa na cikin gida ne. Akwai wata babbar ƙofa a gaba, kuma mabuɗinta ba ya hannuna, ba ya hannun Malam.

Duk wanda ya tashi a gida mai zaure zai gane wannan cikin sauƙi. Rauta kamar yaron zaure ce. Gida yana da adireshi ɗaya a waje, amma ɗakuna da yawa a ciki, kowanne da lambarsa ta cikin gida, irin masu farawa da 192.168 ɗin nan da kowa ke gani. Idan ka aiki yaron waje, sai ya rubuta a littafinsa cewa mai ɗaki na uku ne ya aike shi wuri kaza, in amsa ta dawo ya san inda zai kai ta. Amma in baƙo ya tsaya ƙofa ya yi sallama, ba wanda ya aika a kira shi, yaron bai san baƙon wa ba ne, sai ya ƙyale shi tsaye. Wannan aikin shi ake kira NAT. Buɗe ƙofa da na yi ta yi, umarni ne kawai ga yaron: duk wanda ya zo neman lamba 443, ka kai shi ɗakina. Umarnin yana aiki in dai baƙon ya iso zauren.

To ni baƙona ba ya isowa. Kamfanin layin ya yi nasa zauren a bakin unguwa, da nasa mai gadi, gidaje masu ɗimbin yawa duk ta nan suke fita da adireshi ɗaya. Shi wannan mai gadin ba ya karɓar umarni daga ɗan haya. Wannan shi ne CGNAT, wato NAT a matakin kamfani. Kuma ba ɓoyayyen abu ba ne: tun watan Afrilu na 2012 aka keɓe lambobi daga 100.64.0.0 zuwa 100.127.255.255, sama da miliyan huɗu, musamman don wannan aikin, a takardar da ake kira RFC 6598. Wasu kamfanonin ma lambobi masu farawa da 10 suke rabawa. Duk wanda ya ga ɗayan biyun a matsayin adireshin wajen rautarsa, ya ajiye batun buɗe ƙofa, ya huta. Ni zaure uku ne tsakanina da titi: nawa, na Malam, na kamfani. Biyu sun ji maganata, na ukun bai ma san ina yi ba.

Da farko haushi na ji, kamar an tauye mini haƙƙi. Da na bi diddigin abin sai haushin ya ragu, ko da yake bai gushe duka ba. Tsohon tsarin adireshi, IPv4, lambobi kusan biliyan 4.3 ne kacal a cikinsa, kuma an fara rabon su tun lokacin da intanet ta 'yan jami'o'i da sojoji da manyan kamfanonin Amurka ce. An yi rabon da hannu sake. Kamfanin motoci na Ford shi kaɗai yana riƙe da duk lambobin da suka fara da 19, Apple na da masu farawa da 17, kowanne adireshi sama da miliyan 16. Ranar 3 ga Fabrairu 2011 babbar hukumar rabon, IANA, ta raba manyan kaso biyar na ƙarshe da suka rage mata, ɗaya ga kowane yanki na duniya. AFRINIC, mai kula da Afirka daga Morishus, ita ta samu masu farawa da 102. Wato lambar nan da na gani a shafin daga tukunyar ƙarshe ta fito, kason da girmansa ɗaya da na Ford, aka ba nahiya guda ta yi maleji. Nijeriya kaɗai mutum sama da miliyan 200 ne. Ta ina kowane layi zai samu adireshinsa? Mun zo walima an gama rabon nama, sai romo.

Nan na kuma gane wani abu da ya daɗe yana ba ni mamaki, yadda shafuka ke yawan tsare ni suna cewa in tabbatar ni mutum ne, in zaɓi hoton keke ko fitilar titi. Adireshin da nake fita da shi ba nawa ba ne ni kaɗai. In wani can da ban sani ba ya yi ɓarna da shi, mu duka ake yi wa kallon ɓarayi. Wake ɗaya ke ɓata gari. Masu rubutu a Wikipedia ta Hausa sun san wannan ciwon, mutum ya zo gyara ya tarar an toshe adireshinsa saboda laifin wani.

Na kira kamfanin, ba zan faɗi sunansa ba. Ta farko ta ce, "Yallaɓai, ka gwada kashewa ka kunna?" Na biyun ya ce zai turo mini saiti ta saƙo. A kira na uku na dace da wani da ya gane tun ban ƙarasa ba. Ya ce adireshin kai akwai shi, amma ba a irin layinmu ba, sai a tsarin kamfanoni, da takardar rajistar kasuwanci, kuma kuɗin da ya ambata a wata ya fi abin da mu huɗun muke haɗawa. Na yi masa godiya da gaske, don shi kaɗai ya gaya mini gaskiya. Na tambaye shi batun IPv6, sabon tsarin da adireshinsa ba ya ƙarewa, wanda manyan kamfanonin duniya suka kunna gaba ɗaya tun 6 ga Yuni 2012. Ya ce bai iso kan layinmu ba tukuna. Wani abokina ya ce in sayi Starlink, wadda ta fara aiki a Nijeriya a Janairun 2023. Na duba, ita ma a tsarin gida CGNAT take amfani da shi a ɓangaren IPv4, sai dai tana bayar da IPv6. Amma IPv6 sai ɓangare biyu suna da shi, kuma ƙanwata da ke aure a Maraɗi ban da tabbas a kan layinta. Balle kuɗin kwanon Starlink ɗin.

Mafita tana cikin halin mai gadin kansa. Ba ya barin baƙo ya shigo, amma duk wanda ya fita daga ciki yana barin amsarsa ta dawo. To sai ka daina jiran a same ka a gida. Ka kama shago a bakin titi mai adireshi sananne, ka aika yaro daga gida ya riƙa kai da komo tsakanin shagon da ɗakinka. Baƙi su je shago, yaron ya ɗauko saƙonsu ya shigo da shi, mai gadi yana ganin aiken cikin gida ne ke dawowa. Duk hanyoyin da na gwada, komai bambancin sunansu, wannan dabarar ce. Abin da ya bambanta su shi ne wa ke da shagon, kuma me yake iya gani a cikin kayanka.

Na fara da Tailscale, don ita ta fi sauƙi. Ka sa manhajar a saba, ka sa a waya, ka shiga da asusu ɗaya, shi ke nan, sai su ga juna kamar suna ɗaki ɗaya. Minti goma ban cika ba na buɗe hotuna daga shagona a Sabon Gari. Abin dariya, adireshin da ta ba laftof ɗin ma da 100 ya fara, don daga cikin kason CGNAT ɗin nan take rabawa. Tana ƙoƙarin haɗa na'urori biyu kai tsaye, kowacce ta leƙo daga zaurenta lokaci guda su kama hannun juna. In masu gadin ɓangarorin biyu sun yi tsauri, sai ta bi da kayan ta wani zango nata, a rufe yadda zangon ba ya iya karantawa, amma tafiyar ta fi nauyi. Har yau da ita nake shiga sabar in yi gyara. Matsalarta ɗaya a wurina: kowa sai ya sa manhaja. Yaya zai iya, ƙanwata za ta iya. Amma kawunnanmu da ɗaliban Baba da ke warwatse, wanda ke riƙe da waya mai cike da hotuna babu wurin ko manhaja ɗaya, su abin dannawa kawai suke so a turo musu ta WhatsApp.

Na gwada Cloudflare Tunnel, shi ma kyauta, kuma ya yi aiki lafiya lau. Ƙaramar manhaja ce ke fita daga sabarka ta riƙe hanya zuwa wurin kamfanin Cloudflare, mutane su shigo ta sunanka. Sai dai a tsarinsa, rufin da ke kan saƙo a wurinsu ake buɗe shi kafin a sake rufewa a miƙo maka, haka aikin yake. Da shafin tallan shago ne, da ban ko tsaya tunani ba. Amma akwai takardun gado da hotunan matan gida a ciki, zuciyata ba ta kwanta ba. Ga kuma iyakar megabayit 100 a kan abin da za a loda a tashi ɗaya a tsarin kyauta. Na bar shi ba don ya yi mini laifi ba.

Abin da na zauna a kai shi ne kama shagon da kaina. Ana ba da hayar ƙaramar kwamfuta a manyan ɗakunan saba, VPS ake ce mata, mai adireshinta na kanta, kusan dala biyar a wata. A lokacin katin bankina na naira ba ya biyan dala, sai Yaya ya ce shi zai riƙa biya, aka kama ɗaya a Frankfurt ta Jamus. Tsakaninta da laftof na shimfiɗa bututu da WireGuard, manhajar da ta shiga cikin ƙwaryar Linux tun 2020. Saitinta bai kai layi goma sha biyar ba a kowane ɓangare. Laftof ce ke kiran Frankfurt a ƙofa ta 51820, ba Frankfurt ke kiran ta ba, wannan shi ne sirrin duka. Can kuma na sa duk abin da ya zo ƙofa ta 443 a zuba shi cikin bututun yadda yake, a rufe, ba a buɗe shi sai ya iso saman durowata, inda Caddy, manhajar da ke karɓar baƙi a laftof, ke riƙe da takardar shaidar Let's Encrypt, wadda da ita ake rufe saƙo, tana sabunta ta da kanta kafin kwana 90 ɗinta su cika. Mai ɗakin sabar yana ganin kaya na wucewa, bai san me ke ciki ba.

Abu biyu suka wahalar da ni, kuma kowanne layi ɗaya ne maganinsa.

Na farko, abin ya yi aiki, in an jima ya mutu, in na taɓa laftof ya farfaɗo. Ashe mai gadin kamfani ba ya ajiye suna a littafinsa har abada. In yaron ya yi shiru na ɗan lokaci, sai ya soke sunansa, amsa ta zo ta tarar ba a san shi ba. A saitin WireGuard akwai layin da ake rubuta PersistentKeepalive = 25, ma'ana duk daƙiƙa 25 laftof ta yi gyaran murya ta ce ina nan. Tun da na sa shi bai sake ba.

Na biyu ya fi ɗaure kai. Shafi ya buɗe, sunayen kasa-kasan su fito, amma da ka danna ɗaya sai ya tsaya cak. Ƙananan abubuwa na wucewa, manya na maƙalewa. Girman ƙunshin da bututun ke ɗauka ne ya fi ƙarfin hanyar layin waya. WireGuard da 1420 take farawa, na rage wannan girman, wato MTU, zuwa 1280, karatu ya kama zuba. Kwana biyu wannan lamba ta ci mini.

Wani abin da ban shirya masa ba: washegarin kama VPS ɗin na duba littafin shige da fice, na ga layi a jere ba iyaka, na'urori daga ko'ina suna gwada shiga da sunan root, asusun mai cikakken iko, da kalmomin sirri na banza. Ba wanda ya san ni, sintiri kawai suke yi suna taɓa kowace ƙofa. Nan da nan na hana shiga da kalmar sirri sai da mabuɗi, na sa fail2ban, manhajar da ke toshe duk wanda ya yi ta gwadawa yana kuskure. Sai a lokacin na lura cewa mai gadin da na yi sati uku ina tsine wa, duk shekarun nan yana tare mini wannan ƙurar ban sani ba.

Ranar da Yaya ya ji muryar Baba daga Jidda ya kira ni, ya kasa magana sosai. "Allah ya yi maka albarka" kawai yake maimaitawa. Murnar ba ta kai sati biyu ba ta jawo mini rigima.

Ranar sha tara ga wata, bayan la'asar, Malam ya tsaya bakin ƙofata da wayarsa a hannu. "Injiniya, wai fina-finai kake saukewa ne? Data ta ƙare ƙaf, ga yara na da jarrabawar gwaji." Na rantse masa ban sauke komai ba, kuma gaskiya na faɗa. Ba saukewa aka yi ba, fitarwa aka yi. Yaya ya sa manhajar Nextcloud a kwamfutarsa ya ce ta kwafo komai. Ni kuma asalin juyin na ajiye a wurin, tsarin WAV, wanda kaset ɗaya mai minti 90 yake cin kusan megabayit 950. Sau 74, gigabayit 70 ke nan, duk ta cikin layin da mu huɗu muka haɗa wa kuɗi, dare bayan dare muna barci. Kamfani kuwa bai damu ko shigowa ne ko fita ba, lissafi ɗaya ne. Garin neman ƙiba na samo rama. Na biya kuɗin ƙarin data daga aljihuna, na bi ɗaki-ɗaki na ba da haƙuri. Sannan na matse kasa-kasan zuwa MP3 mai nauyin kilobit 64 a daƙiƙa, kowanne ya dawo kusan megabayit 43, duka ba su fi gigabayit uku da ɗoriya ba, kuma kunne ba ya jin bambanci a muryar da aka ɗauka da rakoda a zaure. Asalin na cire shi daga inda ake gani, kwafinsa na biyu yana cikin wani faifai a akwatin Hajiya. A rautata kuma na ɗaure wa laftof ƙafa, da rana ba ta fitar da fiye da megabit ɗaya a daƙiƙa.

Wuta, abin mamaki, ba ta ba ni wahala yadda na zata ba. Laftof tana da batirinta, tana jure ɗaukewar awa biyu zuwa uku, kuma a saitin ThinkPad akwai inda ake cewa ta kunna kanta da zarar an kawo wuta. Mai ɗakina ce ma ta fi ɗaukewar wuta kashe ta, don duk ta zo shara sai ta rufe murfin saboda ƙura, ita kuma ta yi barci. Na gyara saitin yadda rufewa ba ta kwantar da ita, yanzu a rufe take zaune, an ɗora ta kan murafen kwalba huɗu don iska ta ratsa ƙasanta lokacin zafi.

Sai ranar Alhamis 14 ga Maris 2024, azumi na kwana huɗu. Tun hantsi intanet ta kama tangal-tangal, manhajojin banki na ƙin buɗewa. Can labari ya fito cewa igiyoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, sun samu matsala a wajen gaɓar Kodebuwa. Bayan azahar autanmu ya kira. "Yaya, karatun Baba ya ƙi buɗewa, Hajiya tun ɗazu take jira." Ta saba sauraren kaset ɗaya kullum kafin shan ruwa. Na tsaya ina kallon laftof ɗin, lafiyarta ƙalau, fitilarta na ƙyaftawa. Gidan Hajiya a cikin gari yake, tafiyar minti ashirin da biyar in babu cunkoso. Amma muryar Baba kafin ta isa can, sai ta bar Kano ta gangara Legas, ta shiga teku, ta fito Turai, ta taɓa Frankfurt, sannan ta juyo ta biyo hanyar ta dawo Kano. An yanke hanyar a tsakiya. Na kwafe kasa-kasan duka a memori, na hau ɗan sahu, na tsaya a hanya na sayi ƙaramar rediyo mai cin memori. Na isa ana saura minti arba'in a kira salla. Hajiya ta juya rediyon a hannunta, ta danna, ta ce, "To ai wannan ya fi mini waccan wahalar taku." Har yau da ita take ji, ba ta sake tambayar adireshi ba.

Na yi tunanin mayar da VPS ɗin Legas, tunda akwai masu ba da hayar saba a can, kuma akwai mahaɗar IXPN da aka kafa tun 2006 don zirga-zirgar cikin ƙasa ta daina zagayawa ta Turai. Ban koma ba tukuna. Yaya ne ke biya, kuma yawancin masu ɗiba yanzu a waje suke.

Abin da ya fi daɗewa da kashe sabar kuwa ba teku ba ne. Da ƙaramar salla Malam ya kwashi iyalinsa suka tafi garinsu. Mutum ne mai tsari, kafin ya fita ya bi soket ɗaya bayan ɗaya ya kashe, ya ja ƙofa ya sa kwaɗo. Kwana biyar. Ina tsaye a tagarsa ina hango rautar a kan tebur, baƙi ƙirin, taku uku tsakanina da ita. Dangi na ta turo hotunan salla suna cewa ya ƙi hawa. Ban kira shi ba, me zan ce, ya baro mahaifiyarsa ya zo ya kunna mini soket?

Da ya dawo muka zauna mu huɗu a tabarma bayan isha'i. Aka amince a fitar da rautar zuwa soron shigowa. Kafinta ya yi mata akwatin katako mai ramuka, aka kafe a bango can sama, na sa mata ƙaramin batir mai bolt 12 da ke riƙe ta in an ɗauke wuta, aka yanka mabuɗi biyu. Sabis ya ragu da sanda ɗaya, ba wanda ya yi ƙorafi. Muna tashi Malam ya riƙo hannuna. "Injiniya, wannan abin naka, akwai wurin da zan ajiye tambayoyin jarrabawa da makin yara? Filashina biyu sun mutu a bana." Na buɗe masa asusu a daren, gigabayit goma. Yanzu in fitilar akwatin ta koma ja, kafin in sa takalmi ya riga ni ɗauko kujerar takawa.